Kifin Yamai

A daren wata Laraba, ban daɗe da kwanciya ba, na ji wani abu yana kuka daga wajen dandali. Ba jaki ba ne, ba mujiya ba ce. Ya fi kama da goge a hannun wanda bai iya ba: ya ja dogo, wuuu, ya tsaya kamar ya ji kunya, sannan ƙyal, ƙyal. Na ƙirga. Kullum sau biyu.

Maƙwabcina Rabo mahauci, wanda zana ɗaya ce tsakanin gadona da nasa, ya yi gyaran murya.

"Mahmuda, kana ji?"

"Ina ji."

"To ci gaba da ji. Ni na yi kwana tun ɗazu."

Na ɗauki fitila na bi kukan har gindin dogon itacen da ke tsaye a dandali. Daga can sama yake fitowa, daga ƙarfen da ke kama wa akwatin telenmu hoto. Na tsaya na ji shi sau bakwai, na koma na kwanta da murna, don na san gobe ina da abin dubawa.

Bari in koma baya kaɗan. Garinmu Gawon Mani yana tsakanin Dumega da Tibiri. Shekara goma sha tara bayan samun mulkin kai aka kawo mana akwatin tele, wato talabijin, mai launi kuwa, da wani baƙin faranti mai shan rana, da batir, da ƙarfen nan mai kama da ƙashin bayan kifi wanda ake kira anten. Ni aka ba makullin, saboda na yi shekara uku a lakwal, makarantar boko ta Dogon Dutsi, zamanin Nasara kafin a sallame ni. Laifina kallon taga. Mushe, malaminmu, ya tambaye ni lissafi, ni kuwa a lokacin akwai ƙadangare mai wutsiya biyu a kan katanga, kuma ban ga dalilin da zai sa lissafi ya fi shi ba. Har yau ban gani ba.

Samari biyu ne suka kafa mana kayan, cikin sauri, don suna son su kai wani gari kafin rana ta faɗi. Da suka kunna, mutum ya fito a cikin akwati da jar hula, gari ya ɗauki salati. Ni kaɗai na lura da wasu 'yan tsiri-tsiri, ja da fari, suna gilmawa a kan hoton. A fuska ko a bango ba su da ƙarfi, kamar ƙaiƙayi ne a iska. Amma duk inda launi ya yi kauri, musamman shuɗi, sai su taru su yi ta iyo. Na tambayi ɗaya daga samarin, ya ce, "Parazit," ya shiga mota. Na rubuta kalmar a littafina, na ja mata layi biyu. Tunda da su akwatin ya zo, kowa ya ɗauka haka launi yake.

Na yi wata takwas ina tunani a kansu. Abin da na gano shi ne, hoton nan matafiyi ne. Daga Yamai yake tasowa, ya huta a kan dogon ƙarfen Dogon Dutsi, sannan ya gangaro mana kudu. Baƙi da fari su ne ƙafafunsa, launi kuwa kayan da ya ɗauko a ka. Matafiyi in ya gaji, kayan ka ne suke fara zubewa. Na faɗa wa Liman wannan magana, ya ce Allah ya ƙara sani, ya tambaye ni ko na nome gonata.

Duk ranar Alhamis, bayan magariba, wata mace takan fito ta karanta labarai da Hausa. Ba mu riƙe sunanta ba, Ɗiyar Akwati muke ce mata. Tana da wani shuɗin zane da riga da kallabi wanda kusan shi take sawa kullum, kuma a kansa 'yan tsiri-tsirin nan suka fi samun wurin zama. Matan garinmu ba su taɓa jin labari ɗaya daga bakinta ba. Zanen suke kallo. Suka ce wannan irin na manya ne, mai kifaye ja da fari, in mai shi ta yi numfashi sai su motsa. Suka sa masa suna Kifin Yamai. An aika Dutsi, an aika Birnin Kebbi, har Sakkwato an tambaya, babu ɗan kasuwar da ya taɓa jinsa. Wannan ya ƙara masa daraja.

A nan Shatu ta shigo. Shatu matar wana ce, marigayi Mahaman, kuma ita ce mai rinin garinmu. Hannayenta shuɗaye ne har gwiwar hannu tun ina saurayi. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji, ita ta fi ni baki. Da aka yi shelar za a yi babban bikin samariya, na ƙungiyoyin matasa, a Dogon Dutsi bayan kaka, kowane gari ya kawo 'yan rawarsa, sai Hure shugabar mata ta tara su, aka yanke cewa matan Gawon Mani da Kifin Yamai za su fita. Shatu ta bugi ƙirji ta ce in dai ido ya gani, hannunta zai yi. Mata arba'in da biyu suka kawo mata farin yadi, nata ya cika arba'in da uku. Wata, Altine, akuya ta sayar, wata gyaɗar shekara.

Shatu ta koma zama gaban akwati duk Alhamis, hancinta kusan yana taɓa gilashi, da ƙwarya da gawayi, tana zana kifayen a bayan ƙwaryar. Ta ƙirga na kafaɗar dama ta samu goma sha ɗaya. Wata Alhamis ta samu ashirin. Ta ce matar tana da kala biyu ke nan. A ƙarshe ta gano dabara: ta ɗinke wuraren kifin da zaren kaba a karkace, ta tsoma yadin a baba sau shida, ta warware, sannan ta bi wasu da jan rini da gashin kaza, ta bar wasu farare. In an ɗaura an yi tafiya, wallahi sai ka ga kamar suna bin juna. Hure kuwa ba ta jira ba. Ta riga ta faɗa a kasuwar Tibiri, da ƙarfi, kusa da masu daddawa, cewa matan Gawon Mani za su shiga Dutsi da irin zanen Ɗiyar Akwati sak.

Ran da na ji kukan nan, Shatu ta gama talatin, saura goma sha uku.

Da gari ya waye na samu maza huɗu muka kwantar da itacen. Abin da na gani ya sa na zauna a ƙasa. Ɗaya daga haƙarƙarin anten ɗin ya kwance, shi ke kuka in iska ta taso, shi ke bugun ɗan'uwansa ƙyal, ƙyal. Wayar da ke sauko da hoto kuwa, bakinta biyu ne, ɗaya a ɗaure, ɗayan da siriri guda kamar gashi yake riƙe, ya yi tsatsa kore. Tun ran farko ba a ɗaure shi ba. Ashe matafiyin nan da ƙyar yake shigowa, ta ƙofar da ba ta kai ta kaza ba.

Na kankare tsatsar da wuƙar Rabo, na yanke ruɓaɓɓen bakin, na murɗe sabo na matse shi, na rufe da robar tayar keke saboda raɓa. Na ɗaure haƙarƙarin. Sannan na ce tunda an kwantar, bari a ƙara masa tsawo, muka haɗa masa gora mai gaɓa uku. Da muka tayar, na juya hancinsa arewa, daidai inda na san Dutsi take. Ban ci abinci ba ran nan. Na yi ta kallon rana ina jin haushin jinkirinta.

Bayan magariba na kunna. Maza suka ɗauki sowa. Hoto ya fito tas kamar an wanke shi da toka. Wani mai jawabi da muka daɗe muna ce masa mai ƙyanda, ashe fuskarsa sumul take. Rabo ya ga wata saniya ya faɗi nauyinta. Liman da kansa ya miƙo mini hannu. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan lokaci ba, kuma bai daɗe ba.

Ɗiyar Akwati ta fito. Ga ta nan, har wushiryarta ana gani. Ga riga, ga kallabi, ga zane. Shuɗi. Shuɗi kawai, ko ɗigo babu, kamar sama da hantsi.

Gefen mata ya yi shiru irin wanda kan sa kare ya bar wuri. Gawayi ya faɗi daga hannun Shatu.

Hure ta ce, "Ina kifin?"

Ni kuwa bakina ya riga hankalina. Na miƙe na ce, "Ai dama babu wani kifi, jama'a. Abin da ake kira parazit..."

Shatu ta taka mini ɗan yatsan ƙafa da dunduniya, ta murza. Ta ce, "Wanki ta yi. Ke ba ki wanki, Hure? Wanga na zaman gida ne ta sa."

Hure ta ce, "Na zaman gida a gaban duniya?"

"Mutanen Yamai ne. Mi kika sani game da su?"

Da safe ina shan kunu sai ga Shatu, ba sallama. Ta ajiye ƙwaryar zanenta a gabana.

"Mijin wahala, ina ka kai su?"

"Yaya Shatu, ban kai su ko'ina ba. Ba su taɓa kasancewa ba. Gajiyar hoto ce." Na fara yi mata bayanin matafiyi da kayan ka.

"Wata takwas ina kallonsu da idona, kai kana ce mini ba su. Wanda yab bar lakwal sabadda ƙadangare."

"Wutsiyarsa biyu."

"Ko goma ce." Ta zauna a kan turmi, muryarta ta sauka. "Mahmuda, yadi talatin na tsoma. Abin da ya shiga baba ba ya komawa fari. In matan ga sunka gane zanen ƙarya na rina musu, akuyar Altine za ka maido mata? Wanga duk mai sauƙi ne. Waƙa za a sa ni. Ka san 'yan matan Tibiri. Jikokina za su yi aure ana rera ta."

Na san gaskiya ta faɗa. Akwai wata mai kitso a Dumega da ta yi kuskure ɗaya tun kafin yunwa, ta mutu, waƙar ba ta mutu ba.

Na ce, "To amma gaskiya..."

"Gaskiya taka ce, ka riƙe abarka, babu mai ƙwace maka. Zane na mutane ne. Ka maido su kafin Alhamis."

Ban taɓa sanin ɓata abu ya fi gyara shi wuya ba sai a makon nan. Wayar da na gyara da hannuna, zuciyata ta ƙi in kwance ta. Sai na koma ga juya itacen. In na kau da hancin anten da yawa, launi duk ya gudu, mutane su koma baƙi da fari kamar zabi. In na kau da shi kaɗan, babu abin da ke faruwa. Dare uku ina gwadawa a kan wani mai koyar da noman rani da ke da shuɗiyar riga, mutane suna zagina suna cewa in bar abu yadda yake. A na huɗu na samu wurin: yatsa uku zuwa gabas, wajen Najeriya. A nan kifi ke fitowa, launi bai tafi ba. Na tsaga alama a jikin itacen, na ɗaura igiya a wani ƙaramin reshe da na kafa masa, na bi da ita ta bayan rumbun makaranta inda nake zama.

Alhamis ta zo. Aka yi kiɗan buɗe labarai, na ja igiya. Garin sauri na zarce da rabin yatsa. Ɗiyar Akwati ta fito cikin kifi tun daga kallabi har tebur, suna ta tsalle kamar an zuba musu dusa. Mata suka rangaɗa guɗa.

Hure ta ce, "Kun gani! Sabo ta saya, ya fi na da. Shatu, nawa bai shiga baba ba tukuna, ko? A ƙara mini."

Haka aka yi goma sha ukun ƙarshe suka fi na farko yawan kifi, aka yi mako biyu masu talatin ba sa gaisawa da masu goma sha uku. Ni kuwa na zama makiyayin kifi. Duk Alhamis in sake su, in ta gama in mayar da su. Abin ya dame ni, ba zan ɓoye ba. Wani lokaci ina riƙe da igiyar sai in ji kamar ni ne na karya wa matafiyin nan ƙafa da gangan, bayan ya sha doguwar hanya. Amma in na leƙa na ga bayan Shatu a gaban akwati, sai in ƙara riƙewa.

Ranar biki muka hau babbar mota tun da asuba, mata arba'in da uku da makaɗa da ni, don an ce a tafi da mai jin Faransanci. Da suka sauka a filin Dutsi suka jeru, ni kaina sai da na ja da baya na kalla. Rana ta bugi zanen, suka fara takawa, filin ya zama kamar gulbi. Mu mutanen Arewa ta ƙasar Dutsi ba mu da gulbi, shi ya sa abin ya fi kama mu.

Matan birni suka matso, matan ma'aikata masu jaka a hannu. Ɗaya ta taɓa gefen zanen Hure ta ce, "Inna, wanga daga ina?"

Hure ta ɗaga hanci. "Ba ku kallon tele a nan? Kifin Yamai ke nan. Irin na mai karanta labaran Alhamis."

Matar ta dubi 'yar'uwarta. "Mai shuɗin zanen nan? Tele biyu gare mu a gida, ba mu taɓa ganin kifi a jikinta ba."

"Ƙila naku ƙarami ne."

Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Na hango 'yan matan Tibiri sun haɗa kai, ɗaya tana tafa hannu a hankali tana neman amshi. Na dubi Shatu, ta yi tsaye kamar an kafa ta. A daidai nan wata ta nuna rumfar manya ta ce, "To ai ga ta can, da kanta. Ku tambaye ta."

Gaskiya ne. Mutanen tele sun zo daga Yamai ɗaukar biki, Ɗiyar Akwati tana tsaye da abin magana a hannu. Gajeriya ce, ban zata ba. Kuma da shuɗin zanen nan ta zo, shi ɗin dai, ko ɗigo babu.

Hure ta kama hannun Shatu ta ja ta, mata arba'in da ɗaya suka bi su, matan birni suka bi bayan waɗannan, 'yan matan Tibiri a ƙarshe suna gwada murya. Ni na yi gaba da gudu, ban san abin da zan yi ba.

Abin da na tarar shi ya cece mu. Mai ɗaukar hoto, wani dogo mai gemu, ya juya na'urarsa wajen matan da ke tahowa, kansa a sunkuye cikin wani ɗan akwatin dubawa. Sai na ga ya daki akwatin da tafi. Ya zare wata waya ya hura mata iska ya mayar. Ya sake daka. Gumi ya keto masa, yana ta faɗa da Faransanci, kuma a cikin faɗan na ji kalmata, wadda na ja wa layi biyu: parazit.

A duk filin nan, mutum dubu nawa, ni kaɗai na san ciwonsa. Na taɓa kafaɗarsa na tattaro Faransancina na shekara uku na ce, "Mushe, na'urarka lafiya lau. Ɗaga kai ka duba da ido."

Ya ɗaga kai. Ya dubi matan. Ya koma cikin akwati. Ya sake ɗagowa. Na gaya masa sauran a gurguje, rabi da baki rabi da hannu: waya mai gashi ɗaya, wata takwas, mai rini, akuyar Altine. Igiya kawai na ɓoye. Mutumin ya zauna a kan akwatin kayansa yana dariya har hawaye, ya ce shekara huɗu ya yi a ƙasar waje ana koya masa yadda ake kashe abin nan, ga shi an ɗinka shi an ɗauro masa. Na ce ya yi wa Allah ya rage murya. Ya jawo Ɗiyar Akwati gefe ya raɗa mata. Na ga idonta ya buɗe, ta cije leɓe.

Kafin ta gama cijewa Hure ta iso, ta tura Shatu gaba.

"Ɗiyata, sannu da aiki. Hwaɗa wa mutanen ga. Kina da irin wanga zane ko ba ki da shi?"

Ɗiyar Akwati ta miƙa wa wani abin maganarta. Ta sunkuya ta kama gefen zanen Shatu, ta juya shi ciki da waje, ta bi kifi ɗaya da farce tun daga kai har wutsiya. Ta daɗe. Ta dubi hannayen Shatu, shuɗaye har gwiwa.

Ta ce, "Inna, ke kika yi wannan? Da hannu?"

Shatu ta gyaɗa kai.

"Nawa bai kai wannan ba. Kin gan shi, duk sun zube." Ta kama nata zanen ta girgiza. "Rinin kanti ke nan. Ba za ki taimake ni da irin naki ba?"

Hure ta juya ta fuskanci matan birni, ta gyara ɗaurin kallabinta kawai. Shatu kuwa ta kwance ƙunshin da ke bayanta, inda ta ajiye wani turmin zane mai kifi da ta rina wa kanta na Sallah, ta miƙa da hannu biyu. 'Yan matan Tibiri suka yi waƙarsu duk da haka, don sun riga sun sami amshi, sai dai suka juya ta ta koma yabo. Mun zo na huɗu a rawa. Babu wanda ya damu.

A mota muna komawa Shatu ta matso kusa da ni, ta ba ni rabin goro.

"Mi ka ce wa mai gemun nan?"

"Labarin ƙadangare na ba shi."

"Allah ya shirye ka," in ji ta. Ta ƙara mini ɗayan rabin.

Washegari na kwance igiyar na mayar wa akuyata. Na juya anten arewa sak, na tura duwatsu a gindin itacen na daddanna. Alhamis biyu Ɗiyar Akwati ba ta fito ba, wani namiji ne ya karanta. Kafin nan mata daga Dumega da Tibiri, har da biyu masu jaka daga Dutsi, sun fara sallama a ƙofar Shatu da farin yadi a ka.

Daren Laraba ta uku aka yi iska mai ƙarfi. Cikin barci na ji kamar wuuu, ƙyal, ƙyal, amma ban tabbata ba ko mafarki ne, don na sha yin mafarkinsa. Da safe na yi niyyar dubawa, sai aka kira ni wata unguwa in ga ɗan maraƙin da aka haifa da farin gashi mai siffar takalmi a goshi. Ban dawo ba sai da aka kira magariba.

Na kunna akwati. Hoto ya fito, ban ga laifinsa ba, ban kuma rantse ba. Aka yi kiɗan labarai. Ɗiyar Akwati ta fito, ta yi murmushi da wushiryarta, kifaye ja da fari tun daga kallabi har tebur. Ta ja numfashi za ta yi sallama, suka motsa.

Mata suka yi guɗa. Shatu ta waiwayo ta dube ni. Na ɗaga mata hannayena biyu, ta ga babu komai a ciki. Na matsa kusa da gilashin na ƙura ido, na koma baya na ƙanƙance shi. Na fita na dafa itacen, na ɗaga kai, duhu ya hana ni ganin sama. Na dawo na zauna.

Rabo yana gefena yana sakace haƙori. Bai ko dube ni ba, ya yi magana da muryarsa ta kasuwa, wadda ake ji daga mahauta har bakin rijiya.

"Wai Mahmuda, na yau ɗin nan nata ne, ko kai ne ka sake su? Don ban ga igiyar ba."

Hure ta juyo a hankali. Shatu ta sa goro a baki. Liman ya duƙufa kan carbinsa, a cikin akwati kuwa matar ta ci gaba da faɗin farashin gero.